Canja kiristal zai ƙara wa tsohuwar ZX Spectrum gudu?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya gaji tsohuwar kwamfuta ZX Spectrum mai ma'adanar 48K daga kawunsa da ya yi karatu a Ingila a shekarun 1980. Ya jona ta, ta tashi, tana nuna hoto, sai dai nawarta ta ishe shi. Da ya buɗe cikinta ya ga wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli da lambar 14 a jikinsa, wani mai gyaran rediyo ya ce masa wannan shi ne kiristal, shi ke ba firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfutar, gudu. Yana so ya sani: in ya cire shi ya sa mai lamba mafi girma, kwamfutar za ta ƙara sauri? Kuma ko haka abin yake ga Commodore 64 ta abokinsa?

Malam, mai gyaran rediyon bai yi maka ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. In ka sa kiristal mafi girma firosesar za ta ƙara gudu. Matsalar ita ce ba ita kaɗai ke bin wannan bugun ba. Hoton da kake gani a talabijin, da ma'adanar bayanai, da sauti, da karanta kaset ɗin da ake ajiye manhaja a kai, duk a kan bugu ɗaya aka ɗaure su. Shawarata ita ce ka bar kiristal ɗin nan inda yake, kuma zan nuna maka dalili da lissafi don kada ka ɗauka tsoro ne kawai irin na masu gyara.

Kiristal ɗan yankin ma'adini ne da ke karkarwa da ƙayyadadden sauri idan wuta ta ratsa shi. Naka yana bugawa sau miliyan 14 a sakan ɗaya, abin da muke ce wa megahaz 14. Wannan bugun ba kai tsaye yake zuwa wurin firosesar Z80 ba. Yana fara shiga wani babban aisi, wato guntun lantarki mai ƙafafu da yawa, mai suna ULA, wanda kamfanin Ferranti ya ƙera wa Sinclair. ULA ne ke raba shi biyu ya samu megahaz 7 da yake zana ɗigon hoto da shi, ya raba shi huɗu ya miƙa wa firosesa megahaz 3.5. Kuma shi dai ULA ɗin ne ke ƙirga lokacin da zai ce wa talabijin ta koma farkon layi: kowane layi bugun firosesa 224 ne, kowane cikakken hoto layi 312. Ka raba miliyan 3.5 da 224, za ka samu 15,625. Wannan shi ne adadin layukan da talabijin mai tsarin PAL, irin na Ingila, take jira a sakan ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ka sake rabawa da 312, ka samu hoto 50 da ɗan kai a sakan. Ka ga ashe lambar 14 ɗin nan ba don firosesa aka zaɓe ta ba. Z80A da ke cikin na'urarka an ƙera ta ta jure megahaz 4. An rage mata gudu ne don talabijin ta samu abin da take so.

To a ce ka sa kiristal mai megahaz 16. Firosesa ta koma megahaz 4, ƙarin kusan kashi 14 cikin 100. Amma layukan hoto sun koma kusan 17,857 a sakan, hotuna kuma 57. Na taɓa yin wannan da hannuna tun ina ɗanyen mai koyon gyara, a kan wata Spectrum da aka kawo shagon maigidana aka manta da ita. Da na kunna, sai fuskar talabijin ta tsage ta koma zane-zane a karkace suna gudu kamar ana jan tabarma. Na zagaya bayan talabijin ina murɗa ɗan maɓallin da ke tsayar da hoto, ya daina birgima sama da ƙasa na ɗan lokaci, amma karkacewar ta ƙi. Abin da ya tabbatar mini kwamfutar tana raye shi ne ɗan ƙas-ƙas ɗin da take yi in ka danna maɓalli, da na buga umarnin BEEP a makance kuma sai na ji muryar ta ƙara tsini. Wajen mayar da tsohon kiristal na bar ƙarfen narka dalma ya daɗe a wuri ɗaya, ɗan zoben tagullar da ke jikin allon ya ɗago ya rabu da hanyarsa. Sai da na ja siririyar waya na haɗa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin allon da ya shekara da shekaru lafiya ni na yi masa tabo a banza.

A Spectrum irin taka akwai kiristal na biyu, mai megahaz 4.43, wanda aikinsa launi ne kawai. A samfurin 128K da ya biyo baya sai aka haɗe aikin a kiristal guda mai megahaz 17.73: a raba huɗu a samu launi, a raba biyar a samu 3.5469 na firosesa. Commodore 64 ta abokinka, in ta Turai ce, irin wannan kiristal ɗin take da shi, ana raba shi 18 a ba firosesar 6510 megahaz 0.985. Ta Amurka kuma tana da mai 14.318, wato ninki huɗu na bugun launi a tsarin talabijin na Amurka mai suna NTSC, ana raba shi 14 a samu 1.023. Shi ya sa Commodore 64 ta Amurka ta fi ta Turai gudu da kusan kashi 4 cikin 100, alhali firosesa ɗaya ce. Wannan 14.318 ɗin ne kuma a cikin Apple II, shi ne a cikin IBM PC ta 1981, inda aka raba shi uku aka samu megahaz 4.77 na firosesarta. Duk waɗannan lambobi masu wutsiya daga talabijin suka fito. A wancan zamani kiristal ɗin launi ana ƙera shi da yawa saboda masana'antar talabijin, yana da araha, kuma injiniya ya fi son abu ɗaya ya yi masa aiki uku.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi ne wanda na fi so mutane su gane. Firosesa da aisin hoto ma'adana ɗaya suke ci. Ka taɓa tsayawa ka kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya? Taɓaryar wannan tana sauka, ta waccan tana sama. Babu mai jiran wata, babu mai karo da wata, saboda kowacce ta san lokacinta. Haka Commodore 64 take. An raba kowane bugu gida biyu: rabin farko aisin hoto mai suna VIC-II ya ɗebi abin da zai zana, rabi na biyu firosesa ta yi nata. In ɗaya daga cikin masu luguden ta ce ita yau sauri take ji, taɓare za su haɗu a bakin turmi. Har ma a yadda take, rabin bugun ba ya isar VIC-II koyaushe. A kowane layi na takwas na hoton yana tsayar da firosesar cak na bugu 40 da 'yan kai don ya kwashi jerin haruffan da ke tafe. Masu rubuta wasanni na lokacin sun san wannan tsayuwar kamar tafin hannunsu, suna lissafa ta a cikin aikinsu.

Spectrum ɗinka tata hanyar ta ɗan bambanta. Kilobayit 16 na farko na ma'adanarta, daga adireshi 16384 zuwa 32767, nan hoton yake zaune. In ULA yana karanta hoto sai firosesa ta miƙo hannu wannan yankin, ULA riƙe mata bugu yake yi har ya gama. Sauran kilobayit 32 na sama babu wannan jiran. Saboda haka duk mai rubuta manhaja da harshen inji, wato umarnin da firosesa ke ganewa kai tsaye, a Spectrum ya san ya ajiye ɓangaren da ke buƙatar sauri daga 32768 zuwa sama. Wannan gudu ne na kyauta, ba ka narka dalma ko ɗigo ba.

Su kansu aisin ma'adanar suna da iyaka. Duba bayansu za ka ga lamba bayan ɗan jan layi, kamar -15 ko -20. Yawanci ma'anarta nanosakan 150 ko 200 (nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), lokacin da aisin yake buƙata kafin ya ba da amsa. In firosesa ta zo karɓa kafin amsa ta nuna, shirme za ta ɗauka, kuma ba kullum ba, jefi-jefi. Irin wannan ciwon shi ya fi wahalar da mai gyara: na'ura ta yi minti 20 lafiya, ta ɗau zafi, ta sandare. Aisin 4116 da ke ƙasan ma'adanar Spectrum kuwa dama lallaɓa su ake yi. Wuta iri uku suke ci, bolt 5 da 12 da kuma 5 ta ƙasa da sifili, kuma su ne suka fi mutuwa a wannan na'urar.

Abu na uku: manhajojin wancan zamani da bugun firosesa suke auna lokaci. Spectrum ba ta da wani aisi na musamman mai sauraren kaset. Firosesar ce da kanta take zagaye a ɗan gajeren umarni tana ƙirgawa har sautin ya juya. An rubuta sifili a kaset da bugun sauti biyu masu tsawon 855 kowanne a ma'aunin bugun firosesa, ɗaya kuma da biyu masu tsawon 1,710. Wato ɗaya ninkin sifili ne daidai. Ka ninka gudun firosesa, sai ta ƙirga 1,710 a inda aka rubuta sifili. Abin da zai biyo baya ka san shi: ko ta ƙi gane farkon kaset ɗin sam, ko ta tsaya da saƙon nan na "R Tape loading error". Sauti ma haka, firosesa ce ke kaɗa 'yar lasifikar da kanta, shi ya sa muryar ta yi tsini a gwajin da na ba ka labari. A Apple II abin ya fi haɗari. Steve Wozniak ya rage kayan na'urar faifai ƙwarai ta hanyar ɗora wa firosesa aikin auna lokaci, tana miƙa bayit ɗaya a kowane bugu 32. In ta yi rubutu da gudun da ba nata ba, ba kasa karantawa kawai za a yi ba, abin da ke kan faifan ne zai lalace.

Wasanni kuwa da yawansu ba su da wani birki sai nawar na'urar. Wannan shi ne asalin maɓallin Turbo da ke gaban kwamfutocin tebur na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, waɗanda da yawa daga cikinmu muka fara gani a ofisoshi da shagunan buga takardu. Amfaninsa na gaskiya shi ne rage gudu, don manhajar da aka rubuta wa 4.77 ta yi aiki yadda mutum zai iya bi. Matsalar ma ba ta mutu da wuri ba. Manhajoji da yawa da aka haɗa da Turbo Pascal na kamfanin Borland sun riƙa faɗuwa da saƙon "Runtime error 200" da firosesoshi suka haura wajen megahaz 200, saboda wani ɗan lissafin auna jinkiri da suke yi a farkon tashi ya cika ya tumbatsa.

Za ka ce to daga ina labarin canja kiristal ya samo asali, tunda mutane suna ta faɗa? Akwai inda ya yi aiki. IBM AT ta 1984 ta fito da firosesar 80286 mai megahaz 6, da kiristal mai 12 wanda aka zaunar a soket. Hotonta a kan wani kati daban yake, kuma bugun da agogonta na auna lokaci ke dogara da shi ba daga wannan kiristal ɗin yake fitowa ba. Sai mutane suka riƙa zare mai 12 suna cusa mai 16, na'ura ta koma megahaz 8. Abin ya yaɗu har IBM ta sa wa BIOS na baya, wato manhajar da ke tayar da na'urar, gwajin da ke hana na'urar tashi in ya ga gudun ya canja. Sharaɗin da ya sa dabarar ta ci a can shi ne firosesa tana da kiristal nata daban da na hoto. Spectrum da Commodore 64 ba su cika wannan sharaɗin ba.

Dubi kuma yadda kamfanonin da kansu suka yi da suka so ba mutane zaɓin gudu, za ka ga kullum sai an biya da wani abu. ZX81, yayar Spectrum da ta fito a 1981, tana da umarnin SLOW da FAST. A can ma ba bugun ake canjawa ba. Firosesar ce ke zana hoton da kanta, aikin yana cinye mata kusan kashi uku cikin huɗu na lokacinta, in ka ce FAST sai ta yar da hoton ta fuskanci lissafi, allo ya ɗauke har ta gama. Commodore 128 ta 1985 tana da FAST na gaske, firosesar 8502 ta koma megahaz 2, amma hoton VIC-II mai haruffa 40 a layi ɗaukewa yake yi, sai dai ka koma ɗaya aisin hoton mai haruffa 80 wanda ke da tasa ma'adanar daban. Masu TRS-80 Color Computer da Dragon 32 kuma suna da POKE 65495,0, wanda ke ninka gudun firosesar 6809 a lokacin da take karanta ROM kawai, wato ma'adanar dindindin da ba a rubutu a cikinta, inda ba ta gogayya da hoto. Duk wanda ya yi amfani da shi ya san sai ya buga POKE 65494,0 ya dawo da ita daidai kafin ya taɓa kaset.

Daga nan za ka gane yadda na'urorin ƙara gudu na ƙwarai suke aiki. Ba sa tura tsohon allon ya yi abin da ba zai iya ba. Sukan kawo sabuwar firosesa da nata kiristal da tata ma'adana mai sauri, ta yi gudunta a ɗakinta, in za ta yi magana da tsohon gida sai ta rage tafiya ta bi takunsa. TransWarp ta kai Apple II megahaz 3.6, Zip Chip ya kai ta 4 daga baya 8, kuma dukansu suna komawa megahaz 1 in an zo taɓa faifai. SuperCPU da kamfanin CMD ya fitar a 1996 ta ba Commodore 64 firosesar 65816 mai megahaz 20, ana cusa ta a ramin katirij, kuma an sa mata makunnin komawa tsohon gudu saboda manhajojin da ba sa jurewa. Misalin da ya fi burge ni shi ne Amiga 1200. Ka ƙara mata ma'adanar da firosesa kaɗai ke amfani da ita, wadda aisin hoto ba sa shiga, sai gudunta ya kusan ninkawa alhali bugun yana nan a megahaz 14 ɗinsa. Jira ne ke cin ta tun farko. A ɓangaren Spectrum, sabuwar ZX Spectrum Next tana ba ka zaɓin 3.5 ko 7 ko 14 ko 28, amma ita sabuwar ƙira ce gaba ɗaya, an tsara hotonta yadda ba zai motsa ba in gudun firosesa ya canja.

Yanzu bari in tambaye ka: wace nawa ce take damunka? Ina kyautata zaton jiran kaset ne, domin cikakken wasa mai 48K yakan ci minti huɗu zuwa biyar kafin ya shiga. In haka ne, firosesa ba ta da laifi. Nemi DivMMC, 'yar na'ura ce da ake cusawa a bakin faɗaɗawa na baya, tana karanta katin SD, wasan ya shiga cikin sakanni. Ka kiyaye ƙa'ida ɗaya da ita: kada ka cusa ko ka zare komai a wannan bakin alhali wuta tana kunne. Ƙafafun wuta suna maƙwabtaka da na bayanai, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya kashe maka ma'adana ko ULA, kuma ULA na asali an daina ƙera shi tuntuni. Abokinka mai Commodore 64 shi ma mai yiwuwa na'urar faifai ta 1541 ce ke ƙure masa haƙuri, wadda ba ta kai rabin kilobayit a sakan ba. Maganinta katirij irin Epyx Fast Load, ko JiffyDOS, wato sabon ROM mai hanzarta karanta faifai.

In kuwa shirin da kake rubutawa da BASIC, harshen da Spectrum ta zo da shi, ne ke jan ƙafa, gyara shi daga ciki. BASIC na Spectrum in ka ce GO TO ko GO SUB, daga layin farko yake fara nema yana bi ɗaya bayan ɗaya, don haka ka kai ƙananan ayyukan da ake yawan kira can saman shirin. Abin da ya fi nauyi kuma ka koyi rubuta shi da harshen inji, bambancin da za ka gani ya wuce duk abin da kiristal zai ba ka nesa ba kusa ba. Kana son ka ga yadda wasanninka za su kasance a ninkin gudu? Sauke Fuse a kwamfutarka ta yau, manhaja ce mai kwaikwayon Spectrum, ka ƙara gudun yadda kake so. Abokinka ya nemi VICE. Cikin minti biyar za ka ga yawancinsu ba sa buguwa.

Tunda a ƙasarmu za ka yi amfani da ita, ƙarfinka ya tafi wajen zafi da wuta. An ƙera na'urar nan don ɗakunan Ingila, ba don watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba. A cikinta akwai regileta 7805 da aka ɗaura wa farantin alminiyom, yana mayar da wutar adafta zuwa bolt 5, ragowar kuma ya zubar da ita a matsayin zafi. Taɓa farantin bayan rabin awa ka ji. Ƙarin gudu ƙarin zafi ne a kan wannan. Sa mita ka auna bolt 5 ɗin, ka duba 12 da 5 ta ƙasa da sifili a ƙafafun 4116, ka sa a canja maka tsofaffin kafasito masu ruwa a ciki, domin sun haura shekara 40. In adaftar asali ta ɓace, ka lura sosai: a Spectrum tsakiyar filogin shi ne nagatif, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa, kuma juya shi yana ƙona kaya nan take. Shi kuma abokinka ya auna tsohuwar tukunyar wutar Commodore ɗinsa kafin ya sake jona ta, don in ta tsufa takan saki wutar da ta haura bolt 5 ta kashe ma'adana. Ya kuma sani akwai agogon lokaci a cikin aisin CIA na na'urarsa da ke ƙirga kaɗawar wutar gida, sau 50 a sakan. In yana kan janareta mai hawa da sauka, manhajar da ta dogara da wannan agogon za ta riƙa gaba ko baya, kada ya zargi kiristal.

In bayan duk wannan hannunka yana ƙaiƙayin gwaji, ban hana ka ba, da gwaji muka koya. Amma ka nemi wani allon da ya riga ya sami matsala ka yi a kansa, ka sa soket a duk inda ka cire abu, ka ajiye kayan asali a 'yar leda da rubutun inda kowanne ya fito. Ta kawun naka kuwa ka auna wutarta, ka canja mata kafasito, ka sa mata DivMMC, ka bar ta a megahaz 3.5 ɗinta.